Takardar Neman Aiki da Lissafin Fid da Uwar Kuɗi: Guzuri ga 'Yan Aji Shida

Kowace shekara, bayan an gama bikin sallamar ɗalibai an kwashe kujeru, akwai waɗansu baƙi da muka saba gani a ɗakin malamai. Tsofaffin ɗalibanmu ne. Wani yakan zo da takarda a naɗe cikin aljihu ya ce, "Malam, a duba mini wannan, gobe za a rufe karɓa." Wata kuma takan zo ta ce kawunta ya ba ta jari, tana so ta san ko sana'ar da take tunani za ta riƙe ta. Tun da yake tambayoyin nan biyu ba su fasa zuwa, mun ga ya kamata mu amsa su a nan, domin iyaye da 'yan'uwa da littafin nan zai kai gare su su ma su ƙaru.

Kada mu ruɗi juna. Guraben aikin albashi a wannan yanki namu ba su da yawa. Akwai sakatariyar ƙananan hukumomi a Talata Mafara da Bakura da Maradun, akwai makarantu da asibitoci, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara wadda aka kafa a 2018, da kwalejin aikin gona ta Bakura, da ofisoshin aikin noman rani na Bakolori. Sai kuma 'yan kasuwa masu injinan casar shinkafa da shagunan taki da magani. Duk inda aka buɗe gurbi ɗaya, masu nema sun fi a ƙirga da yatsu. Saboda haka takardar da za ka aika ita ce za ta fara shiga ofis kafin kai, kuma sau da yawa ita kaɗai za ta shiga.

Takardar neman aiki

Wata shekara an sa mu cikin 'yan kwamitin da za su zaɓi akawu. Muka zauna da tarin takardu. Ba mu yi nisa ba sai muka lura da cewa waɗansu daga ciki kalmominsu iri ɗaya ne tun daga sama har ƙasa, har da kuskuren rubutu guda a layi na uku. Ashe a shagon kwamfuta ɗaya aka buga su, mai shagon yana canza suna kawai yana karɓar kuɗinsa. Muka tattara su muka ajiye gefe. Mai yiwuwa a cikinsu akwai yaro mai ƙwazo wanda ya fi wanda muka ɗauka, amma takardarsa ba ta ba mu hanyar saninsa ba.

Yawancin ofisoshi da Turanci suke so a rubuta musu. Mu a nan za mu yi bayani da Hausa domin tsarin ya zauna a kai, gama tsarin ɗaya ne a kowane harshe.

A sama, wajen hannun dama, sai ka rubuta adireshinka, da lambar wayarka, da kwanan wata a ƙasansu. A hagu kuma, ɗan ƙasa kaɗan, sai muƙamin wanda kake rubuta wa da sunan ma'aikatarsa. A nan mutane da yawa sukan yi tuntuɓe. Idan sanarwa ta ce a rubuta wa magatakarda, kada ka rubuta wa shugaba don kana ganin shi ne babba. Takardar za ta yi ta yawo daga tebur zuwa tebur har ranar rufewa ta wuce. Wanda yake cikin aikin gwamnati kuma yana neman wani gurbin, ta hannun shugabansa na yanzu takardar za ta bi, sai ya rubuta haka a ƙarƙashin adireshin. Bayan gajeriyar gaisuwa ta girmamawa sai kan magana a layi guda, a ja masa layi a ƙasa: neman aikin kaza. Ka ambaci aikin da sunansa kamar yadda aka rubuta shi a sanarwa. Wanda ya rubuta cewa yana neman "kowane irin aiki da ya samu" ya riga ya gaya wa mai karatu cewa bai san abin da ya iya ba.

Jikin takardar sakin layi uku ya isa. Na fari gajere ne ƙwarai: aikin da kake nema, da inda ka ga sanarwar, da ranar da ka gan ta. Na ƙarshe ma gajere ne: takardun da ka haɗo, da cewa a shirye kake ka zo a gana da kai. Na tsakiya shi ne inda ake samun aiki ko a rasa shi, don haka bari mu tsaya a kansa.

Ɗalibanmu da yawa sun ɗauka cewa takardar neman aiki takardar roƙo ce. Sai ka ga an rubuta, "Ni maraya ne, ƙannena biyar, a taimake ni." Abin tausayi ne, kuma watakila gaskiya ne. Amma mai injin casa da ke neman wanda zai riƙe masa sito, damuwarsa ita ce buhunansa kada su ɓace. Tambayar da ke ransa yayin da yake karatu guda ɗaya ce: me yaron nan zai yi mini? Waɗansu kuma sai su cika shafi da kirari, "ma'aikatarku mai daraja wadda ta yi suna a duniya," alhali kuwa shago ne mai ƙofa biyu a bakin hanyar Sakkwato. Mai shi ya san girman shagonsa.

Haka nan kalmomi irin su "mai ƙwazo," "mai gaskiya," "mai haƙuri." Kowa yana rubuta su, har ɓarawo. Abin da ke da nauyi shi ne aikin da ka taɓa yi wanda za a iya zuwa a tambaya. Ɗalibi yakan ce mana, "Ai Malam, ban taɓa aiki ba." Sai mu tambaye shi: wa ya riƙe makullin ɗakin gwaje-gwaje shekara biyu? Wa ya riƙe littafin kuɗin ƙungiyar matasa? Wa yake auna wa babansa shinkafa a gona yana rubuta abin da aka biya 'yan ƙwadago? Duk waɗannan aiki ne. Ga yadda sakin layi na tsakiya zai iya kasancewa ga mai neman aikin sito:

"Na gama sakandare a bana, na kuma sami kiredit a lissafi da Turanci da aikin gona a jarrabawar WAEC. Shekara biyu ni ne nake riƙe da sito na ɗakin cin abincin makarantarmu, ina rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowace rana, kuma shugaban makaranta zai iya ba da shaida a kan haka. A hutun rani nakan taya mahaifina aiki a gonar shinkafa a Bakolori, saboda haka na san awo, na san bambancin shanshera busasshiya da mai danshi. Na iya shigar da lissafi a kwamfuta."

Jimla huɗu ke nan, ba roƙo ba kirari, amma mai karatu ya ga mutum a gabansa. Ku lura kuma da cewa wannan sakin layi ba zai yi amfani ba idan aikin koyarwa ake nema a firamare. Can sai a fito da wani abu dabam, kamar koyar da yara a ajin Lahadi ko darasin yamma da aka yi wa ƙanne a unguwa. Kowane gurbi da tasa takardar. Wannan shi ne abin da shagon kwamfutar nan bai sani ba.

A rufe da kalmar biyayya da aka saba, a sa hannu, a rubuta cikakken suna a ƙasa. Duka kada ta wuce shafi ɗaya. Idan an ce a rubuta da hannu, to da hannunka, gama suna so su ga rubutunka ne, kuma ranar ganawa za a iya miƙa maka alƙalami.

Game da takardun da ake haɗawa, kwafi ake aikawa, na asali kuwa a riƙe su sai ranar ganawa. Yawanci akan nemi sakamakon WAEC ko NECO, da takardar shaidar hali daga makaranta, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da lambar katin ɗan ƙasa, da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wanda ya yi digiri ko babbar difloma zai haɗa da takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa. Mai neman koyarwa kuma ya san cewa takardar NCE ita ce mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi, tare da rajista da majalisar rajistar malamai ta ƙasa. Kafin ka sa sunan wani a matsayin mai ba da shaida a kanka, ko malami ne, ko fasto, ko mai unguwa, je ka nemi izininsa. Ba daɗi a buga wa mutum waya a tambaye shi halin wanda bai san ya ambace shi ba.

Akwai magana ɗaya da ta shafi da yawa daga cikinku. Waɗansunku a nan aka haife ku, a nan kuka yi girma, amma iyayenku daga Zuru suka zo, ko kudancin Kaduna, ko Filato, ko Binuwai. A aikin gwamnatin tarayya ana raba gurabe ne bisa ga jihar asali, akwai ma hukuma ta musamman da ke lura da wannan rabo. Saboda haka ka je ƙaramar hukumarku ta asali tun da wuri ka karɓo takardarka, kada ka bari sai sanarwa ta fito ka fara neman kuɗin mota. Za a sami mai ce maka zai samo maka takardar wata ƙaramar hukuma, ko ya rage maka shekaru. Kada ka yarda. Irin wannan takan tashi bayan shekara goma sha biyar, lokacin tantance ma'aikata, sa'ad da mutum yake da iyali a wuyansa, a kore shi ba ko sisin sallama. Haka kuma duk wanda ya ce ka tura kuɗi kafin a ba ka takardar kama aiki, ka ɗauka ɗan damfara ne.

Yanzu da yawa ta intanet ake cikewa. Tsarin bai canza ba, sai dai a ƙara kula da abu biyu: adireshin imel ya zama da sunanka na gaskiya, ban da laƙabin filin ƙwallo, lambar waya kuma ta zama wadda take hannunka kullum.

Lissafin fid da uwar kuɗi

To, idan an aika takardu shiru fa? Mafi yawanku sana'a za ku kama, kuma babu abin kunya a ciki. Garin nan ma da kasuwarsa ta ranar Talata ya yi suna. Abin da muke gudu shi ne abin da muka sha gani: yaro ya buɗe shago, ciniki yana ta tafiya, aljihu kullum da kuɗi, bayan wata takwas inji ya lalace a rasa abin gyara. Yana cin uwar kuɗi yana tsammani riba yake ci.

Maganin wannan lissafi ne da ɗan aji uku zai iya yi. Tambayar ita ce: nawa zan sayar, ko nawa zan yi na aiki, kafin in kai inda ba riba ba faɗuwa? Daga wannan gaɓa zuwa sama riba ce, daga nan zuwa ƙasa kuwa asara.

Da farko sai ka raba kuɗin da kake kashewa gida biyu. Akwai waɗanda za ka biya ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kamar haya da albashin yaro da kuɗin gadi. Mu kira su kuɗin zaune. Akwai kuma waɗanda suke bin aiki, idan aiki ya yi yawa su yi yawa, idan babu aiki babu su, kamar man inji. Mu kira su kuɗin tafe.

Mu ƙaddara wata ɗalibarmu ta sa injin niƙa a Morai. Alkaluman da za mu ba da na misali ne kawai, kowa ya je kasuwa ya tambayi farashin ranar ya sa nasa. Kuɗinta na zaune a wata: hayar rumfa naira 5,000, albashin yaro 20,000, gadi da haraji 3,000, gyare-gyare da baƙin mai 7,000. Saura ɗaya wanda kusan kowa yake mantawa da shi, wato tsufan inji. Idan ta saye shi naira 360,000 kuma tana ganin zai yi shekara uku, watau wata 36, to kowane wata injin yana cinye 10,000 daga jikinsa. Ba wanda zai zo ya karɓi wannan kuɗi a hannunta, shi ya sa ake mantawa, amma ranar da injin ya mutu za ta biya shi gaba ɗaya. In an tara duka, kuɗin zaune ya kama 45,000 a wata.

Tana niƙa tiya ɗaya a kan naira 200. Mai da cin bel da wasa faranti suna ɗauke 110 a kowace tiya. Abin da ya rage 90 ne. Wannan 90 ba riba ba ce tukuna. Ita ce gudummawar da kowace tiya take bayarwa domin a biya 45,000 ɗin nan da ke zaune yana jira. Tiya nawa za su taru su biya shi? Sai a raba 45,000 da 90, a sami 500. Idan an cire ranakun Lahadi da ranar da inji zai ƙi tashi, ta yi aiki kwana 25, to tiya 20 ke nan a rana. Ranar da ta niƙa 20 ta fid da uwa. Daga tiya ta 21 ne riba take farawa.

Ƙa'idar ke nan duka: a cire kuɗin tafe na abu ɗaya daga farashinsa, sa'an nan a raba kuɗin zaune da abin da ya rage.

Amfanin lissafin yana fitowa ne idan aka fara juya shi. A ce tana samun tiya 30 a rana, wato 750 a wata. 750 sau 90 ya ba da 67,500. A cire 45,000, ribarta 22,500. Madalla. Sai kuma farashin mai ya tashi, kamar yadda ya faru bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu 2023. A ce kuɗin tafe ya koma 140. Abin da tiya take bari yanzu 60 ne. 45,000 a raba da 60 ya ba da 750. Ku duba da kyau: cinikin nan na tiya 30 a rana bai ragu ko kaɗan ba, layi yana nan a bakin rumfa, amma riba ta ƙare ƙaf. Wanda ba ya lissafi ba zai gane ba, tun da kuɗi suna shiga hannunsa kamar jiya. Ita kuwa mai lissafi ta san dole ta mai da tiya 230 kafin ta koma inda take dā, ko kuwa ta nemi inda za ta rage kuɗin zaune.

Ga kuma jarabar karya farashi domin a janye masu zuwa wurin maƙwabci. A koma farashin mai na farko, ta rage tiya daga 200 zuwa 180. Ragin naira 20 kamar ba kome ba ne, amma gudummawar tiya ta sauko daga 90 zuwa 70, kuma 45,000 a raba da 70 ya kai wajen 643. Sai ta sami ƙarin tiya 143 a wata kafin ma ta fid da uwa. Akwai gidajen da za su kawo wannan ƙarin a unguwar? Idan babu, ta yi wa kanta rami.

Mu mutanen Zamfara mun san wani abu game da kuɗin zaune wanda littattafan lissafi ba su cika faɗa ba. A watan Satumba 2021, saboda matsalar tsaro, an rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a jihar nan na makonni da dama. Masu cajin waya da masu sayar da kati sun zauna ba ciniki, amma mai haya bai daina ƙirga wata ba. Saboda haka mai fara sana'a a nan ya yi ƙoƙari kuɗinsa na zaune su zama kaɗan iyakar iyawa, ya kuma tambayi kansa wata nawa zai iya biyansu idan ciniki ya tsaya cik. A misalinmu, idan niƙa ya sauko zuwa tiya 12 a rana, watau 300 a wata, abin da zai shigo 27,000 ne, asara 18,000. In ta rufe rumfar ta sallami yaro, haya da gadi da tsufan inji ma 18,000 ne. Ke nan muddin tana samun fiye da 12 a rana gara ta ci gaba da buɗewa ko da tana faɗuwa, gama rufewa ta fi tsada. In ya gaza haka, ta rufe ta jira.

Manomi ma lissafin nan nasa ne. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1978, noman rani ya zama abin dogaro ga dubban gidaje a ƙananan hukumomin nan uku. Ga manomin shinkafa, hayar fili da huɗa da iri da taki da kuɗin ruwa da ƙwadago duk sun zama kuɗin zaune da zarar an shuka, domin ko gona ta yi kyau ko ba ta yi ba an riga an kashe su. A ce sun kama 600,000. Buhun shanshera 45,000, amma buhun kansa da bugu da dako suna cin 5,000, saura 40,000. Buhu 15 ne za su fid da uwa. Idan kaka ta yi farashi ya faɗo zuwa 35,000, saura 30,000, sai an sami buhu 20. Manoma da yawa sun ɗanɗana wannan a 2025, lokacin da hatsi ya yi araha taki kuwa yana da tsada. Shawararmu ita ce a yi lissafin da farashin kaka, lokacin da kowa yake kai nasa kasuwa, kada a yi shi da farashin bazara. A kuma sa ladan aikin 'yan gida a ciki. Idan kai da ƙannenka kun yi wata huɗu a gona ba a rubuta muku kome ba, abin da aka kira riba a ƙarshe ladan guminku ne kawai.

Har wanda takardarsa ta yi nasara yana bukatar wannan lissafi kafin ya ce ya karɓa. A watan Yuli 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma ƙananan shaguna da makarantu masu zaman kansu da yawa ba su biyan haka. A ce an ba ka aiki a Gusau a kan 50,000. Ɗaki 10,000 a wata, abin hawa zuwa wurin aiki 12,000, abinci 25,000, zuwa gida sau ɗaya 5,000. Jimla 52,000. Aikin bai fid da uwa ba, iyayenka ne za su riƙa cika maka 2,000 kowane wata domin ka yi wa wani aiki. Mai yiwuwa duk da haka ya cancanci a karɓa, idan za ka koyi sana'a a wurin, ko kuwa akwai ɗan'uwa da zai ba ka wurin kwana, wanda zai sauko da kuɗin zuwa 42,000 ya bar maka 8,000. Aikin 35,000 a nan Talata Mafara, kana kwana a gida kana tafiya da ƙafa, zai iya barin abin da ya fi haka a aljihunka. Ka zauna da babanka ko mamarka da takarda da fensir, ku rubuta alkaluman biyu gefe da gefe kafin ka ba da amsa.